Satin 'Yan Aji Ɗaya Zuwa Uku: Yadda Ake Haɗa Karatun Cikin Aji da na Gindin Bedi

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji ɗaya a makarantar gwamnati a birnin Katsina ya san yadda ƙarfe 11 na safe take a watan Afrilu. Kwano ya ɗauki zafi, yara sun cika ɗaki har bakin allo, na baya ba su jin abin da ake faɗa, na gaba suna gyangyaɗi, muryar malam kuma ta dushe. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma da yawanmu muna tsayawa gaban ninkin haka, wani lokaci har fiye. Ɗan shekara 6 da aka zaunar tun safe yana maimaita abin da ke kan allo, haƙuri kawai yake yi har a kaɗa ƙararrawar tashi.

Abin da zan shimfiɗa a nan tsarin sati guda ne, wanda kowace rana take da rabon cikin aji da rabon waje, kuma rabon wajen darasi ne cikakke mai manufa. Harafin da aka gani a allo da safe, a rubuta shi da yatsa cikin yashi kafin a fita tara. Lambar da aka ƙirga da baki, a ɗauke ta da hannu. Gani ya kori ji, kuma ga ƙaramin yaro taɓawa ta fi ganin ma. Tsarin ba ya cin kuɗi, amma yana cin shiri, saboda haka daga shirin za mu fara.

Mataki na farko: ɗaure satin da abu ɗaya

Ranar Alhamis, kafin ka bar makaranta, ɗauko manhaja ka duba abin da aka tsara na sati mai zuwa a Hausa, lissafi, Turanci, kimiyya da zamantakewa. Kada ka sauya abin da ke ciki, domin masu duba makarantu daga SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, ko daga ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma za su tambaye ka inda ka kai. Aikinka shi ne ka nemo abu guda da yaran suka sani daga gida, wanda za a iya kawowa ko a tarar a harabar makaranta, sai ka rataya darussan satin duka a jikinsa.

Yanayi ne zai zaɓa maka. Zangon farko yana kama ƙarshen damina da kaka, lokacin da gero da wake da gyaɗa suke shigowa gida, kara kuma ya cika ko'ina. Zango na biyu na hunturu ne da farkon bazara: iska, ƙura, inuwa, ganyen da ke zuba, ruwa da yadda yake ƙafewa. Zango na uku yana farawa cikin tsananin zafi ya ƙare cikin damina, sai hadari, shuka, kwaɗi da ciyawa. In akwai gawo kusa da makarantarku, kun samu abin koyarwa na shekara guda, domin shi ne iccen da yake zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Yara suna mamakin wannan ƙwarai in aka sa su lura da kansu, ba a riga su faɗa ba.

Abu ɗaya a sati ya isa. Malamin da ya ɗauko uku, zai kai Juma'a bai gama ko ɗaya ba.

Mataki na biyu: zagaya filin kafin yara su taka shi

Wannan ba a wakilta shi. Ka fita da kanka ka zaɓi wuri mai inuwa, gindin bedi, wato darbejiya, ko bayan aji ta ɓangaren da rana ba ta bugu da safe. Ka tsince fasassun kwalabe, ƙusoshi da gwangwani mai tsatsa, ka share ƙaya da ƙarangiya, domin rabin yaran da silifas suke zuwa, wasu ma ƙafa a ƙasa. Ɗaga duwatsu da tsofaffin bulo da sanda, kunama tana son ƙarƙashinsu, musamman da bazara da farkon damina. Duba reshen da za a zauna ƙarƙashinsa ko akwai gidan rina.

Akwai tsirrai uku da suke yawan fitowa a gefen katangar makaranta waɗanda ya kamata yara su san su tun ranar farko: tumfafiya, wadda farin ruwanta yake cutar da ido, da cini-da-zugu da zurma, waɗanda 'ya'yansu guba ne in an ci. Ka nuna musu su, ka faɗi sunansu, ka ce waɗannan kallo kawai ake yi. In akwai rijiya marar murfi ko ramin masai da ya fara ruftawa, kai maganar ga hedimasta kuma ka nisanta wurin darasi daga nan.

Sannan ka shata iyaka da toka ko jerin duwatsu. Inda makaranta ba ta da katanga, masu babur suna ratsawa, awaki suna shigowa, iyakar nan ita ce katangarka. A ajiye jarkar ruwan sha da buta da ɗan sabulu ko toka a bakin iyakar. Ka kuma san yaranka: mai sikila ba ya son sanyin safiyar hunturu, ba ya son ƙishirwa ko gudun da ya wuce kima; mai asma kuwa ƙura ce abokiyar gabarsa. Tambayi iyaye tun farkon zango, ka sa alama a gefen sunayensu a rajista.

Mataki na uku: raba rukuni, ka koyar da fita da shiga

Nan ne yawancin masu niyya suke karaya. Malama ta fitar da yara 80 sau ɗaya, suka watse cikin fili, ta kwashe rabin lokacin tana kiran suna, ta dawo ta ce ba za ta sake ba. Laifin ba na yaran ba ne. Abin da suka sani shi ne in an fita daga aji to tara ce, kuma tara gudu ce. Sai an koya musu cewa akwai wata fitar daban.

Raba ajin goma-goma. In yara 80 ne, rukuni 8 ke nan. Ba kowane rukuni suna: Zaki, Giwa, Barewa, Raƙumi, Shaho, Zomo, da sauransu. Cakuɗa masu ƙoƙari da masu rauni, kada ka tara gwanaye wuri ɗaya. Kowane rukuni da shugabansa, kuma a riƙa juya shugabancin duk sati biyu, har yarinyar nan mai shiru da ke ɓoye fuska cikin hijabi ita ma ta taɓa. A fili, kowane rukuni yana da da'irarsa da aka zana a ƙasa, kullum wuri ɗaya, don kada a tsaya gardamar wurin zama.

Satin farko gaba ɗaya, kada ka koyar da komai a waje sai fita da shiga. Ka tsaya bakin ƙofa ka kira, "Zaki!" Su goma su miƙe, su fito a jere, su je da'irarsu su tsuguna. Shugaba ya ƙirga mutanensa ya ɗaga hannu: "Malam, mun cika." Sai Giwa. In wani rukuni ya fita da gudu, a mayar da su su sake, ba tsawa, ba bulala. Za ka ga kamar ɓata lokaci ne, amma satin nan shi ne zai saya maka sauran zangon. Bayan sun saba, fitar ajin duka ba ta wuce minti 4 ko 5.

Kana kuma buƙatar alamar yin shiru wadda ba za ta cinye maka murya ba. Usur yana yi, tafi uku yana yi. Wadda na fi so ita ce wadda suka taso da ita: ka ce "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa "Ta zo mu ji ta," sannan kowa ya rufe baki, ido a kanka. Yaron Bahaushe ya san bayan wannan amsa sauraro ake yi, ba sai an koya masa ba.

Dokoki uku sun isa, a riƙa faɗarsu tare kafin kowace fita: ba a tsallake toka, ba a sa komai a baki ko hanci ko kunne, in an ji alama a tsaya. Da dawowa, shugaba ya sake ƙirga mutanensa, a wanke hannu, a shiga.

In Allah ya kawo muku ɗaliban koyon aikin malanta daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina ko ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma, kada a bar su zaune a bayan aji suna kwafar tsarin darasi. Raba ajin biyu, rabi a waje tare da kai, rabi a ciki tare da su, bayan minti 20 a yi musanya.

Mataki na huɗu: jakar kayan aiki

Buhu ɗaya na shinkafa da aka wanke ya isa ya ɗauke komai: marafan kwalba, ƙwallon dabino, 'ya'yan tsamiya, tsinken tsintsiya, guntayen kara, kyauron roba, gawayi, igiya, da kwalaye da aka yanka murabba'i aka rubuta haruffa da lambobi manya-manya. Yara ne za su tara mafi yawansu cikin kwana biyu in ka ce kowa ya kawo biyar. In makarantarku tana cikin waɗanda shirin RANA na koyar da karatu da lissafi da Hausa ya shiga, wanda aka gudanar a Katsina da Zamfara tare da UNICEF, a tambayi hedimasta ragowar littattafan nan, a fito da su daga kabad.

Mataki na biyar: satin kansa

Bari in ɗauki wake a matsayin abin satin, cikin watan Nuwamba, a aji ɗaya. Kowace fita minti 30 ce: 5 na fita, 20 na aiki, 5 na wanke hannu da komawa.

Litinin, ranar labari da shuka. A cikin aji ka shigo da kwanson wake da ba a ɓare ba, ka ɗaga ka tambaya mene ne wannan, wa ya taɓa zuwa roron wake, me ake yi da shi a gidanku. Amsa za ta zubo: ƙosai, alala, ɗanwake, garau-garau. Bar su su yi magana, domin yaron da bai saba haɗa zance da baki ba, ba zai haɗa shi a takarda ba. Sannan ka rubuta "wake" babba a allo, ka raba shi: wa, ke. A waje, kowane rukuni ya samu gwangwanin madara ko ledar ruwan sha da aka yanke bakinta aka huda ƙasanta, a cika da ƙasa, a binne ƙwaya uku zurfin gaɓar yatsa, a zuba ruwa. Ka jiƙa waken tun daren Lahadi don ya yi saurin tsira. Ka ware gwangwani biyu naka: ɗaya ba za a ba shi ruwa ba, ɗaya za a rufe shi cikin kwali mai duhu. Tambaye su me suke zaton zai faru da waɗannan biyun, ka rubuta zatonsu a gefen allo, kada ka gyara musu.

A kula da irin waken. A yi amfani da na ci wanda aka wanke, ban da irin shuka da aka cuɗa da magani, ban da wanda aka ajiye da fiya-fiya. Kuma a aji ɗaya ƙwayar wake tana tsayawa a hannun malami da shugaban rukuni ne kawai, domin yaron da ya cusa ta a hanci, sai asibiti.

Talata, ranar gaɓoɓi. A allo: wa, we, wi, wo, wu, da ka, ke, ki, ko, ku. Daga waɗannan goma kaɗai ana samun kalmomin da yaro ya sani: wake, kowa, kawu, kiwo, kuka, kaka, kawo. A waje kowane yaro ya share ɗan fili gabansa da tafin hannu. Ka ɗaga kwali mai "wa," su faɗa, su rubuta da yatsa, su goge, ka ɗaga na gaba. Amfanin yashi a nan babba ne. Yaron da ke tsoron ɓata littafinsa ba ya tsoron ƙasa, kai kuma in ka bi tsakanin da'irori za ka ga rubutun yara 80 cikin minti biyu, abin da duba littattafai ba zai ba ka ba. Nan za ka gano wanda ke juya "k" ta kalli hagu, wanda sau da yawa sabon fara boko ne da hannunsa ya saba da rubutun allo daga dama. Kada ka ce masa ya yi kuskure a gaban jama'a. Tsuguna kusa da shi, ka aza duwatsu biyu, ka ce na boko daga wannan dutsen yake tashi.

Minti goman ƙarshe, 'yar gala-gala. A zana gidajenta kamar yadda aka saba, amma a rubuta gaɓa a kowane gida. Mai tsalle sai ya karanta gidan da ya dira. In ya dira "ko" sannan "wa," rukuninsa su haɗa su ce "kowa." 'Yan mata sun fi maza iya wannan wasa, kuma yana da kyau maza su ga haka. A aji biyu, wannan ce ranar haruffa masu lanƙwasa: a zana gida biyu kusa da juna, ka faɗi kalma, yaro ya dira a wanda ya dace, kafa ko ƙafa, baki ko baƙi, gada ko gaɗa, bata ko ɓata. Wanda aka bari ya wuce aji uku bai rarrabe waɗannan ba, yakan kai sakandare da matsalar.

Laraba, ranar lissafi. A fara da ba shuka ruwa, a duba ko ƙasa ta tsage. Sannan kowane rukuni ya karɓi tulin tsinke da kyauron roba. Aikin: a ƙirga goma, a ɗaure. Ka rubuta 23 a ƙasa, su aje dami biyu da tsinke uku. Ka rubuta 32, su gyara. A nan yaro yake gane cewa 2 ɗin da ke cikin 23 ba tsinke biyu ba ne, dami biyu ne, kuma wanda ya gane wannan a aji ɗaya ba ya wahala da "ara ɗaya" a aji uku, domin ya san aron yana nufin kwance dami. In ajin bai kai nan ba tukuna, a tsaya kan 1 zuwa 10 da ƙwallon dabino: ka ɗaga kwali mai 7, kowa ya jera bakwai gabansa, maƙwabci ya duba na maƙwabci.

A aji uku a buɗe kasuwa. Marafan kwalba su zama kuɗi, a rubuta 10, 20, 50 a cikinsu, rukuni ɗaya ya kasa ƙosan laka, sauran su zo saye, a yi ciniki, a ba da canji. Yaran da ke talla da yamma su ne malaman wannan darasi. Wata yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, za ka ji ta ce, "Malama, canjinsa talatin ne, ba ashirin ba," tun kafin ka gama lissafawa. Ka yaba mata a gaban kowa, sannan ka nuna mata yadda ake rubuta abin da ta yi da ka.

Alhamis, ranar lura. Zuwa yanzu wasu gwangwanaye sun fasa, wake ya turo kai a lanƙwashe, kwanson ƙwayar na rataye a samansa. Bar su su kewaye shi su kalla sosai kafin ka ce komai. Tone ƙwaya ɗaya daga naka ka kaɗe ƙasar, ka nuna saiwa fara mai gashi. Kowane yaro ya zana abin da ya gani, ba abin da ka zana a allo ba. Ɗauko na cikin kwali da wanda aka hana ruwa: wanda bai sha ruwa ba bai motsa ba, na cikin duhu kuwa in ya fito zai fito dogo, siriri, fari-fari. A koma ga zaton da aka rubuta ranar Litinin, a ga wa ya dace. In bai tsiro ba tukuna saboda sanyi, a jira Litinin mai zuwa. Jiran ma yana cikin darasin.

Wannan ce kuma ranar da ta fi dacewa da Turanci. Kalmomi biyar sun isa, sunan ganye, saiwa, ruwa, rana da ƙasa, a faɗe su ana taɓa abin. Ga 'yan aji biyu da uku a ƙara awo: a fara da yatsa da taƙi da kamu da taki, a ga yadda taƙin malam ya fi na yaro, daga nan su gane dalilin da ya sa aka yi rula da santimita.

Juma'a gajeriyar rana ce, ana tashi da wuri saboda masallaci, don haka kada ka ɗora mata sabon abu. Minti 15 na wasa sosai: maza langa, mata gaɗa ko carafke, ko duka aji su yi jini-jini, wanda shi kansa darasin rarrabe mai jini da marar jini ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, kuma yaron cikin birni da ke tashi daga boko ya wuce Islamiyya har magariba ba lallai ya samu ba. Mai lalurar ƙafa kada a bar shi a gefe: shi ne alƙalin wasa, shi ke riƙe usur, shi ke ƙirga maki. A rufe da kacici-kacici a gindin icce, irin su "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," sannan su ma su kawo nasu daga wurin kakanninsu.

Mataki na shida: bi da yanayi

Da bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40, fita ta kasance darasin farko ko na biyu, kafin ƙarfe 10, kuma a sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. Da hunturu a juya: a bari sai rana ta ɗaga, in ƙura ta yi kauri a haƙura da fitar. Da damina in aka ji tsawa, a shiga aji nan take, ba a fakewa a gindin icce. Cikin azumi a rage gudu, domin ko a aji uku akwai masu gwada rabin yini.

Kowane yanayi da gwajinsa. Da hunturu, faranti biyu na ruwa daidai wa daida, ɗaya a rana ɗaya a inuwa, a duba kafin tashi. Da damina, gorar ruwa da aka yanke kanta a kafa a fili, a sa alama da tsinke bayan kowane ruwan sama. Gwajin inuwa kuwa na shekara ne: a kafa sanda a wuri ɗaya, a aza dutse a ƙarshen inuwarta ƙarfe 8, ƙarfe 10 da lokacin tashi. A Katsina rana tana kaiwa tsaka ne wajen ƙarfe 12 da rabi. Da hunturu inuwar tsakar rana arewa take kwantawa, amma wajen ƙarshen Afrilu sai ta kusan ɓacewa a gindin sandar, daga nan ta koma kudu har tsakiyar Agusta. 'Yan aji uku da suka bi wannan da duwatsunsu sun riƙe gabas da yamma, kudu da arewa, ba da haddar baki ba.

Mataki na bakwai: fita wajen makaranta

Sau ɗaya a zango ya isa, kuma ga aji ɗaya kada ta wuce tafiyar ƙafa ta kusa: wurin maƙeri, mai ginin tukwane, gidan burodi, ko garkar da ke bayan unguwa. A je a gaida mai unguwa tun kafin ranar, a ce, "Ranka ya daɗe, yaranka ne za mu ratsa da su," zai ma haɗa ka da wanda zai raka ku. 'Yan aji uku za a iya kai su Hasumiyar Gobarau, wadda tsayinta ya kai kimanin ƙafa 50 kuma ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ko gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Kafin a je, su koyi sunayen ƙofofin gari, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi da sauransu, kowa ya faɗi wadda ta fi kusa da gidansu. 'Yan'uwanmu na Daura kuwa ga Rijiyar Kusugu a cikin gari, da labarin Bayajidda da Daurama da macijin da ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a.

Ba a fita sai da izinin hedimasta a rubuce, da sanin iyaye, da babba ɗaya ga kowane rukuni, da takardar sunaye a hannu. A wuraren da tsaro bai inganta ba, a bar wannan mataki gaba ɗaya, a gayyato maƙerin ko tsohuwa mai tatsuniya su zo makaranta.

Mataki na takwas: iyaye da littafin lura

Za a yi ƙorafi, ka sa ran haka. Wani uba zai zo ya ce ya turo ɗansa karatu an bar shi yana wasa da ƙasa, wata uwa ta aiko cewa kayan makaranta suna dawowa da datti alhali sabulu ya yi tsada. Maganarsu tana da tushe, kada ka raina ta. A kan datti, a sa yara su tsuguna maimakon zama dirshan, ko kowane rukuni ya shimfiɗa buhu. A kan karatu kuwa bayani ba ya gamsarwa kamar nuni. Ka roƙi minti 10 a taron kwamitin kula da makaranta ko na ƙungiyar iyaye mata, ka kira yara uku, ka ba uba kwali ya ɗaga da hannunsa, ɗansa ya karanta ya rubuta a ƙasa. Duk Juma'a kuma ka ba su aikin gida na baki: kowa ya tambayi kakarsa yadda ake adana wake a da, ko ya ƙirga ƙofofin gidansu, ya kawo amsa Litinin.

Sai littafin lura, wanda naka ne kai kaɗai. Shafi ɗaya ga kowane rukuni, sunaye a jere, layi uku a gaba: ya karanta gaɓoɓin sati, ya rubuta su, ya yi lissafin sati. Ba za ka iya auna yara 80 a rana ɗaya ba, saboda haka ka ɗauki rukuni biyu kullum daga Talata zuwa Juma'a, lokacin da kake bi tsakanin da'irori, ka sa alama ba tare da sun san ana auna su ba. Duk wanda ya samu gurbi uku babu alama sati biyu a jere, a matso da shi da'irar da ta fi kusa da kai, a haɗa shi da abokin da ya iya, kuma ranar Talata ka fara tsugunawa a gabansa kafin kowa. In fiye da rabin aji ba su kama gaɓoɓin ba, kada ka wuce gaba don manhaja ta ce a wuce: sauya abin satin, ka ɗauko kara ko kuka, ka sake bi da su ta kan ka, ke, ki, ko, ku da sababbin kalmomi, ka rubuta dalili a tsarin darasinka don mai dubawa ya gani.